655 a gida, 575 a Abuja: ina makin ya tafi?

Nura U/Dosa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu zama GMAT, jarrabawar neman shiga digiri na biyu a makarantun kasuwanci. Ranar Asabar na zauna a Abuja, makin da ya fito min a fuskar kwamfuta da na gama 575. Gwaje-gwajen da na yi a gida kafin tafiya kuwa 645, 655, 655. Makarantun da nake nema, yawancin ɗaliban da suke ɗauka daga 645 suke zuwa sama, kuma wa'adin zagaye na biyu na neman gurbi farkon Janairu ne. Wallahi har yanzu na kasa gane abin da ya faru. In sake biya nan take in koma, ko akwai abin da ya kamata in gyara tukuna?

Sadiq Kawo: Wa alaikumus salam. Sannu Nura, Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ni a ganina fargaba ce kawai. Wanda ya ci 655 sau biyu ai ya san karatun. Kwana 16 ake jira tsakanin zama da zama, da sun cika ka koma. Yanzu ka ga ɗakin, ka san yadda abin yake, gabanka ba zai sake faɗuwa ba.

Malam Kabiru T/Wada: Sadiq, a yi haƙuri da maganar komawa. Kuɗin zama sama da dala 200 ne, ga kuɗin mota da masauki. Nura, kafin kowa ya ba ka shawara ka amsa min waɗannan. Gwajin da ka yi na GMAC ne, masu jarrabawar, ko na kamfanonin koyarwa? Karo na farko ke nan da ka yi su ko maimaitawa ka yi? Ka taɓa tsayar da agogo a tsakiya? Kuma da ƙarfe nawa kake yi?

Nura U/Dosa: Malam, na GMAC ne, na 1 da na 2 da ake bayarwa kyauta a shafin mba.com. Na fara yin su tun watannin baya, na samu 555 da 585. Da na yi karatu sosai sai na sake buɗe su, su ne suka ba ni waɗancan makin. Agogo kuwa ba na tsayarwa sai in an kira salla ko an ɗauke wuta in je in kunna janareta. Da dare nake yi bayan isha'i, saboda aikin banki ba ya barin mutum da rana.

Malam Kabiru T/Wada: To ai ga amsar nan ka kawo da kanka. Makinka bai ɓata a Abuja ba, wancan 655 ɗin ne ba a kan ƙa'idar jarrabawa aka same shi ba. Bari in yi maka lissafi a fili. Sashen lissafi tambaya 21 ne a minti 45, wato kowace tambaya minti 2 da daƙiƙa 8 take da shi. In ka sake buɗe gwajin da ka taɓa yi, kana iya haɗuwa da tambayoyin da ka gani, domin daga rumbu ɗaya ake ɗebo su. A ce guda 4 kawai ka gane. Ba sai ka tuna amsar ba ma, tuna hanyar ya isa, cikin daƙiƙa 20 ka wuce kowace. Saura tambaya 17 ke nan da minti 43 da daƙiƙa 40 a hannunka, kowace ta samu sama da minti biyu da rabi. Wannan ƙarin daƙiƙa 25 a kan kowace tambaya shi ne bambancin mai aiki a natse da wanda agogo ke kora.

Sannan jarrabawar nan bin sawunka take yi. In ka ci tambaya ta ba ka wadda ta fi ta wuya, in ka faɗi ta sassauta, kuma makin ya dogara da nauyin tambayoyin da ka iya ci, ba yawansu kaɗai ba. Waɗancan 4 da ka ci a ɓagas sun ɗaga ka zuwa matakin da watakila da ƙarfinka ba za ka kai ba a ranar. Ka haɗa wannan a sassa uku na jarrabawar, wato lissafi, Turanci da nazarin bayanai, ka ga maki 50 ko 60 ba abin mamaki ba ne.

Sadiq Kawo: Malam, na yarda da lissafinka, amma kana nufin fargaba ba ta da hannu? Ni na san abin da na ji ranar. Tun daga ƙofa ake karɓe maka waya da agogo a sa a akwati, a ɗauki hotonka, ka ɗora tafin hannu a na'ura, a ce ka juyo aljihunanka waje. Ka shiga ɗaki ga sanyin iyakwandishan, na kusa da kai yana ta buga madannai saboda shi wata jarrabawar daban yake yi. Tambayar farko sai da na karanta ta na sake karantawa ban fahimci komai ba, alhali ba ta da wuya.

Anti Bilki Malali: Sadiq, gaskiyarka, akwai fargaba. Amma ka lura da abin da ka lissafa: ɗakin da ba ka saba ba, ƙarar da ba ka saba ba, zama babu waya. Duk abubuwa ne da ake iya sabawa da su tun a gida. Wanda ya koyi tuƙi a fili babu kowa, ranar da ya fara shiga Ahmadu Bello Way da yamma ga Keke Napep ta ko'ina, dole hannunsa ya yi rawa. Ba za a ce bai iya mota ba, ba za a kuma ce gobe ya koma titin haka nan komai zai daidaita ba.

Nura ƙanina, abin da ya fi tsaya min a rai cikin bayaninka shi ne tsayar da agogo. Kai kana ganin uzuri ne, kuma uzuri ne na gaskiya, salla ba abin wasa ba ce. Amma ƙwaƙwalwa ba ta san uzuri ba, hutu kawai ta samu. Jarrabawar awa 2 da minti 15 ce, tambaya 64, hutu ɗaya tak na minti 10, ko bayan sashe na farko ko bayan na biyu. In ba ka taɓa zama wannan tsawon a jere ba, ba ka san yadda kanka yake a minti na 110 ba. A can ne mutane ke zubar da maki. Ka tsara gwajinka a lokacin da ba zai ci karo da salla ba, safiyar Asabar misali, daga 9 zuwa 11 da rabi, ka cika cajin kwamfuta tun dare.

Nura U/Dosa: Anti, sashe na ƙarshe kam na ji jiki. Nazarin bayanai na bari ƙarshe, kuma tambaya 3 ban ma kai gare su ba lokaci ya ƙare.

Malam Kabiru T/Wada: Innalillahi. Nura, wannan ai shi ya kamata ka fara faɗa. Barin tambaya babu amsa yana da hukunci na musamman a GMAT, ya fi faɗuwa tambayar muni. In ka ga saura minti 2 kuma akwai tambaya 3 a gabanka, zaɓi kowace amsa ka wuce, ka tabbata ka kai ƙarshe.

Dr. Yusha'u: Ina bin muhawarar nan tun ɗazu, bari in sa baki ta fuskar ƙididdiga tunda ita nake koyarwa. Babu jarrabawar da ke ba mutum maki ɗaya kullum. A tsohon tsarin GMAT mai maki 200 zuwa 800, kuskuren awo da masu jarrabawar suka bayyana ya kai kusan maki 30. Ma'ana mutum ɗaya, ilimi ɗaya, yau ya samu 620 gobe 650, babu abin da ya canza. Saboda haka wanda ya samu 625 a gwaji ya samu 605 a zahiri bai kamata ya ɗaga hankalinsa ba. Amma tazarar maki 80 ta wuce sa'a ko rashinta, akwai dalili.

Abu na biyu, mu 'yan Adam mafi girman makinmu muke ɗauka a matsayin namu, ƙananan kuma mu ce ranar ba mu da lafiya. Makin Nura na gaskiya da muke da su, waɗanda aka samu a kan tambayoyin da bai taɓa gani ba, su ne 555, 585 da 575 na Abuja. Ku dube su a jere. Ba su yi nisa da juna ba.

Nura U/Dosa: Dakta, wannan magana ta yi min nauyi. Kana nufin duk karatun da na yi tsakani bai ƙara min komai ba?

Dr. Yusha'u: A'a, ban ce haka ba, kuma kada ka karaya. Ka samu 575 da tambaya 3 a buɗe, bayan tafiya, a ɗakin da ba ka sani ba. Da alama ka wuce inda ka fara. Abin da nake cewa shi ne ba mu da ma'aunin da zai gaya mana inda kake yanzu, domin ma'aunin da ka yi amfani da shi ya riga ya san ka. Akwai gwaji na 3 zuwa na 6 na GMAC, ana sayen su. Ka sayi biyu, ka yi ɗaya a kan cikakkiyar ƙa'ida, sai mu san daga ina za a tashi.

Hauwa Barnawa: Ni ina da tambaya ga Yaya Nura: ranar ka tafi ko ka kwana a can? Domin ni abin da ya sa na zaɓi yi ta intanet daga gida ke nan. Kaduna zuwa Abuja kusan kilomita 190 ne, ko jirgin ƙasa ka bi daga Rigasa ka sauka Kubwa ko Idu, sai ka sake neman mota zuwa cikin gari. Mutum ya isa a gajiye a ce ya zauna lissafi. Na yi a ɗakina, a kujerar da na saba, kuma makina bai yi nisa da na gwaji ba.

Nura U/Dosa: Ranar na tafi, bayan asuba na kama hanya, zaman ƙarfe 12 ne. Ban ci komai ba sai shayi.

Anti Bilki Malali: Haba Nura. Mutumin da ya saba aiki da kansa ƙarfe 9 na dare bayan ya ci tuwo, ka kai shi zama da tsakar rana da yunwa bayan awanni a hanya. In za ka koma, ka kwana a can, ka je ka ga ƙofar wurin tun da yamma don kada ka yi ta neman adireshi da safe, ka ci abin da cikinka ya saba.

Hauwa, ke kin dace, amma ba kowa zan ba wannan shawarar ba. Ta intanet mai sa ido yana kallonka ta kyamara daga farko har ƙarshe, ba a yarda kowa ya shigo ɗakin ba. A gidajenmu na Kaduna, wa zai hana yaro turo ƙofa, ko baƙo ya yi sallama? In sabis ya yanke ko wuta ta tafi a tsakiya, ko da an dawo da kai, natsuwar ta riga ta tafi. Sannan a duba shafin kowace makaranta, a tabbatar tana karɓar makin da aka yi daga gida.

Hauwa Barnawa: Anti, haka ne. Ni muna da sola, kuma na tura yaran gidan kakarsu tun safe, na tanadi layi biyu. Wanda ba shi da wannan gara ya tafi Abuja. Amma akwai abu ɗaya da ya shafi kowa, ko gida ko cibiya: ba a ba ka takarda da biro. A cibiya wani allo mai santsi ake ba ka da maka, a gida kuma farin allo ɗan ƙarami. Rubutun maka yana da kauri, fili yana cika da wuri, in hannunka ya goga ya dame. Wanda ya saba baza lissafinsa a littafi da fensir zai rikice. Na sayi ƙaramin allo a kantin littattafai, duk atisayen da na yi a watan ƙarshe a kansa na yi, har na koyi rubuta abin da ya zama dole kawai.

Sadiq Kawo: Wannan gaskiya ne. Da kalkuleta ma. A sashen lissafi babu ita sam, sai a nazarin bayanai ake ba ka ta kan kwamfuta. Mutane da yawa a gida wayar na gefe, sai hannu ya kai ba tare da sun lura ba.

Amma Malam Kabiru, akwai abin da nake so ka warware. Ana cewa tambayoyin farko su suka fi muhimmanci, mutum ya ba su lokaci sosai. Ni haka na yi.

Malam Kabiru T/Wada: Wannan maganar ta kashe wa ɗalibai da yawa maki. Gaskiya ne tambayoyin farko suna nuna wa na'urar inda za ta fara ajiye ka, amma duk tambayoyin ana lissafa su. In ka kashe minti 5 a tambaya ta 3, ka ci bashin da za ka biya a ta 19, 20 da 21, inda za ka yi ta cankar amsa ko ka bar su a buɗe. Kuma tun da aka kawo sabon tsarin a Nuwamban 2023 an ba ku abin da na da ba su samu ba: kana iya sa wa tambaya alama, in ka gama sashen da sauran lokaci ka dawo ka canza amsa har guda 3. Wanda bai kai ƙarshen sashe ba ba ya samun wannan damar ko kaɗan.

Abin da nake koya wa nawa: a rubuta a saman allo tun kafin a fara. A lissafi, in agogo ya nuna saura minti 30 ka kasance ka gama tambaya 7, saura 15 ka gama 14. Sau biyu kawai za ka duba, ba kowace tambaya ba. In tambaya ta kai minti 3 ba ka ga hanya ba, zaɓi amsa, sa alama, wuce. Wannan ba ya zuwa ranar jarrabawa haka kawai, sai an saba da shi a gwaji, domin zuciya ba ta son sakin tambayar da ta riga ta ɓata wa lokaci. Musamman ku ma'aikatan banki da injiniyoyi, kuna ganin abin kunya ne lissafi ya gagare ku.

Alhaji Mamman (shugaban zaure): Ina jin daɗin yadda ake tattaunawar nan, Allah ya yi muku albarka. Nura, ka yi addu'a, ka kuma bi abin da malamanka suka faɗa. A ci gaba.

Anti Bilki Malali: Amin Alhaji, ranka ya daɗe. Akwai sashen da ba a taɓo ba, kuma a wurin mutanenmu nan ne tazarar ta fi ɓoyewa: sashen Turanci, tambaya 23 a minti 45, kowace ba ta kai minti biyu ba. A sabon tsarin an cire gyaran jimla da rubutun insha'i, saura fahimtar karatu da auna hujja. A gida, babu matsi, mutum yana karanta sakin layi, ya juya shi a ransa, ya gane. A ɗakin jarrabawa wannan juyawar ce ke cinye lokaci.

Misalin auna hujja: mai gidan burodi ya rage farashi a watan Maris, cinikinsa ya ƙaru, sai ya ce ragin ne ya jawo. Wace magana ce za ta raunana hujjarsa? Amsar ita ce wadda ta nuna wani dalilin daban, misali gidan burodin da ke maƙwabtaka da shi ya rufe a watan. Da Hausa kowa a zauren nan zai ci wannan cikin daƙiƙa goma, ko ɗan kasuwar da bai je boko ba zai ci. Tunanin muna da shi. Abin da ke kayar da mu shi ne a kawo shi cikin doguwar jimlar Turanci a kan kamfanin inshora ko binciken tsuntsaye, da zaɓi biyar masu kama da juna, a minti na 80 na zama. Maganinsa karatu mai nauyi a fuskar kwamfuta kullum, ko na minti 30 ne, irin su The Economist ko Financial Times, kana gamawa ka faɗa wa kanka a jimla ɗaya: me marubucin ke so in yarda da shi, kuma da me ya kafa hujja?

Hauwa Barnawa: Shi ya sa ni na fara da Turanci tun kaina yana sabo, na bi da nazarin bayanai, na yi hutu, na rufe da lissafi. Tunda an ba mutum damar zaɓar jerin sassan, me zai sa ya bar mai wuya ƙarshe?

Sadiq Kawo: Ni kuma akasin haka. In na fara da abin da nake tsoro, in ya ƙi, sauran biyun ma sun lalace. Gara in fara da lissafi in samu ƙwarin gwiwa.

Malam Kabiru T/Wada: Ku duka kuna da hujja, kuma ba za a raba muku gardama da baki ba. Kowa ya gwada jeri biyu a gwaji, ya riƙe wanda ya fi masa, kada ya canza ranar zama. Ga Nura dai, nazarin bayanai bai kamata ya sake zama na ƙarshe ba. Tambaya 20 ne kawai amma akwai masu jadawali da zane da shafuka biyu ko uku da za ka riƙa leƙawa, wasu kuma tambaya ɗaya ce mai rassa, in ka kuskure reshe ɗaya duka ta tafi. Kuma sassan uku nauyinsu ɗaya a jimillar maki, kowane daga 60 zuwa 90.

Nura U/Dosa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma lokaci fa? In na tsaya duk wannan, Janairu za ta same ni. Wani abokina ma cewa ya yi in bar GMAT in koma GRE, wata jarrabawar shiga digiri na biyu, tunda makarantu da yawa suna karɓa.

Dr. Yusha'u: Suna karɓa, kuma tun Satumban 2023 GRE ta koma ƙasa da awa biyu. Amma tana da nata nauyin, musamman kalmomin Turanci masu wuya, kuma sabon shiri ne daga tushe. Wanda ya riga ya zuba watanni a GMAT, matsalarsa kuma ta lokaci da yanayin zama ce, ban ga ribar sauya sheƙa yanzu ba. Cikakken sakamakonka zai shigo asusunka cikin 'yan kwanaki, kuma yana nuna minti nawa ka kashe a kowace tambaya da waɗanda ka faɗi. Ka ɗauki hotonsa ka turo min da Malam Kabiru. Ina so in ga tambayoyi 8 na farko na nazarin bayanai, ina zargin a nan mintunan suka tafi.

Ka kuma tuna sau 5 kawai ake yarda mutum ya zauna cikin wata 12, kuma makin yana aiki shekara 5. Kada ka kama rana sai sabon gwaji, wanda ba ka taɓa buɗewa ba, ya ba ka abin da kake nema ko kusa da shi.

Sadiq Kawo: Dakta, a nan kam ban bi ka ba. Gurabe a Abuja suna cika idan wa'adi ya matso. In ya jira, zai iya rasa rana gaba ɗaya. Gara ya kama ta tsakiyar Disamba yanzu, in bai shirya ba ya ɗaga, ko da zai biya kuɗin ɗagawa.

Dr. Yusha'u: Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. Ya kama ranar, amma ya yi gwajin da wuri yadda in ɗagawa ta kama zai yi ta tun kuɗin bai yi yawa ba.

Malam Kabiru T/Wada: To ga abin da zan iya yi. Ajin da nake koyarwa a Tudun Wada babu kowa safiyar Asabar, akwai inbata. Duk mai shirin zama ya zo da kwamfutarsa da sabon gwajin da bai buɗe ba, da allo da maka. Wayoyi a wurina za su zauna, ni zan riƙe agogon hutu, babu mai tashi sai lokacinsa. In kun kai uku ko huɗu ma ya fi, domin a saba da motsin na kusa.

Nura U/Dosa: Malam, ina ciki in sha Allahu. Amma zaman da nake gani a Abuja na ƙarfe 12 ne, ba na safe ba.

Malam Kabiru T/Wada: To a mayar da shi 11 da rabi, mu gama kafin 2 mu yi azahar a masallacin layin. Hauwa, ki turo wa Nura hoton irin allon da kika saya. Sadiq, kai ma za ka zo ko ka gama da ita?

Sadiq Kawo: Zan zo Malam, akwai ƙanwata ma da ke shirin zama a Fabrairu, zan taho da ita in akwai wuri.

Malam Kabiru T/Wada: Akwai. Ta sayi gwajinta kafin Juma'a, kada ta buɗe shi.